Tseren Ƙanƙara Na Gajeren Zagaye: Sa'a Ce Ke Ba Da Zinare Ko Ƙwarewa?

Shin mutumin da ya kasance a baya tun daga farkon tsere har zuwa kwanar ƙarshe, sannan ya tsallake layi shi kaɗai saboda duk waɗanda ke gabansa sun zube, ya cancanci a kira shi gwarzo? Wannan tambaya tana dawowa a duk lokacin da wani tsohon bidiyo ya sake yawo a WhatsApp da Facebook, inda ake ganin mutum biyar sanye da hular kwano suna zamiya a kan ƙanƙara, huɗu suka ci karo suka faɗi ana saura 'yan mitoci a gama, na biyar kuma da aka bari can baya ya wuce su yana ɗaga hannu. A gidajen kallon ƙwallo na Jos da majalisun matasa na Abuja, hukuncin da aka saba yankewa shi ne rabo ne kawai ya rantse. Wasu kuma da suka taɓa ganin an soke nasarar wanda ya fara tsallake layi an ba wanda ke biye da shi, sun tsaya a kan cewa wasan na maguɗi ne. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma dukansu sun yanke hukunci ne a kan minti ɗaya da rabi daga cikin rayuwar da ɗan wasa ke shafe fiye da shekara goma yana ginawa.

Filin da kuma abin da ake nema a kansa

Tseren zamiya a kan ƙanƙara iri biyu ne. Akwai na dogon zagaye, wanda ake yi a da'ira mai tsawon mita 400, mutum biyu-biyu, kowa a layinsa, agogo kuma shi ne alƙali. Akwai na gajeren zagaye, wanda da'irarsa mita 111.12 ce, an shata ta a cikin fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. A nan babu layin kowa. Mutum huɗu zuwa takwas ne ake saki lokaci guda, kuma ba a tambayar wanda ya fi gudu a agogo, ana duba wanda kaifin takalminsa ya fara taɓa layin ƙarshe ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yan Keke ke neman gurbi a Terminus ta Jos da yamma, kowa yana son ya cusa kai ta ciki kafin a rufe masa hanya, ya fahimci rabin dabarar wasan.

Nisan da ake fafatawa a kai a wasannin Olamfik na hunturu shi ne mita 500, wato kewaye huɗu da rabi, da mita 1000, kewaye tara, da mita 1500, kewaye goma sha uku da rabi. Akwai kuma tseren karɓa-karɓa na mita 3000 ga mata, da 5000 ga maza, da na haɗakar maza da mata na mita 2000 wanda aka fara a Beijing a 2022. A tseren karɓa-karɓa ba a miƙa sanda; wanda ya gama nasa yana tura ɗan uwansa ne ta baya da hannu biyu. An fara gwada wasan a Olamfik a Calgary ta Kanada a 1988, ya kuma zama cikakken wasa mai lambobin yabo a Albertville ta Faransa a 1992. Hukumar da ke kula da shi ita ce ISU, wadda aka kafa a 1892, hedkwatarta tana Lausanne a ƙasar Suwizalan.

Wu Dajing na ƙasar Sin ya gama mita 500 cikin daƙiƙa 39.505 a Salt Lake City a 2018. Idan aka yi lissafi, gudun nan ya haura kilomita 45 a awa, kuma daga tsaye aka fara, kuma rabin tafiyar a kwana ake yin ta. Ɗan wasa yana tsaye ne a kan ƙarfe mai kaifi wanda kaurinsa bai kai milimita biyu ba, an goce shi zuwa hagu an kuma ɗan tanƙwara shi domin takalmi kada ya gogi ƙanƙara idan mutum ya kwanta a kwana, hannunsa na hagu yana shafar ƙasa. Shi ya sa dokar wasan ta wajabta hular kwano, da safar hannu, da makarin wuya, da rigar da kaifi ba ya ratsawa cikin sauƙi. A irin wannan cunkoso faɗuwa wani ɓangare ne na wasan, kuma duk ƙwararre yana shiga fili da lissafinta a kansa.

Abin da bidiyon bai nuna ba

Mutumin da ke cikin bidiyon shi ne Steven Bradbury na Ostareliya, tseren kuma shi ne wasan ƙarshe na mita 1000 a Olamfik na Salt Lake City ranar 16 ga Fabrairun 2002. Waɗanda suka faɗi su ne Apolo Ohno na Amurka, da Ahn Hyun-soo na Koriya ta Kudu, da Li Jiajun na Sin, da Mathieu Turcotte na Kanada. Lambar da ya samu ita ce zinare ta farko da Ostareliya ta taɓa ci a wasannin hunturu.

Masu dariya ba su san cewa Bradbury yana cikin tawagar ƙasarsa da ta ci gasar duniya ta karɓa-karɓa a Sydney a 1991 ba, kuma yana cikin waɗanda suka ci tagulla a Lillehammer a 1994, wadda ita ce lambar yabo ta farko da Ostareliya ta samu a Olamfik na hunturu. A waccan shekarar ana lissafa shi cikin waɗanda za su iya cin lamba su kaɗai, amma abokan karawa suka kayar da shi. Ke nan irin faɗuwar da ta ba shi zinare a 2002 ita ce ta taɓa hana shi lokacin da yake kan ganiyarsa. Daga baya, a wata gasa a Montreal, kaifin takalmin wani ya tsarge masa cinya, ya zubar da jini kimanin lita huɗu, aka yi masa ɗinki 111. A shekarar 2000 kuma ya karye a wuya wurin atisaye. Ya isa Salt Lake City yana da shekara 28, yana kuma sana'ar ƙera takalman wasan, har Ohno ɗin da ya faɗi a gabansa yana cikin masu sa takalminsa.

Zamansa a baya ma da gangan ne. Ya san ƙarfinsa ba zai kai ya yi kafaɗa da kafaɗa da matasan nan huɗu ba bayan ya riga ya yi tsere a matakan baya a daren, ya kuma ga cewa a wasan kusa da na ƙarshe wannan dabarar ta fisshe shi da waɗanda ke gaba suka zube. Sai ya sake zaɓar ta, da fatan ko mutum biyu su faɗi ya samu tagulla. Sa'a ta shigo, babu musu, domin babu wanda ya tsara cewa dukansu huɗu za su faɗi. Amma sai da mutum ya kai kansa cikin biyar na ƙarshe a duniya kafin sa'ar ta same shi a wurin. Irin haka ta sake faruwa a Olamfik na Sochi ta Rasha a 2014, inda Li Jianrou ta Sin ta ci zinaren mita 500 bayan sauran ukun da ke tare da ita sun faɗi tun a farkon tseren.

Dalilin da na ɗaya ke iya tashi a tutar babu

Zargin maguɗi ya fi zargin sa'a nauyi, kuma a nan ne wasan yake da rauni na gaske. Doka ta hana tare hanya, da ture abokin karawa, da yanke kwana ta cikin alamomin roba da aka jera, da harba ƙafa a layin ƙarshe ta yadda kaifi zai iya yanka wani. Nauyin kauce wa karo yana kan mai son wucewa, muddin wanda ke gaba bai karkato da gangan ya rufe masa hanya ba. Matsalar ita ce a gudun da ake yi, bambancin wanda ya riga ya shiga gurbi da wanda ya makara ya cusa kai bai wuce ƙiftawar ido ba. Saboda haka bayan an gama tsere sai alƙalin wasa ya koma ga bidiyo, 'yan wasa suna zagayawa a fili suna jira, kuma yana da ikon ya soke sakamakon wanda ya yi laifi, ya kuma ɗaga wanda aka zalunta zuwa mataki na gaba ko da shi ne ya zo na ƙarshe. Irin wannan ɗagawa ce ta sa mutum goma suka fafata a wasan ƙarshe na mita 1500 na maza a Beijing.

Rikicin da ya fi shahara ya faru ne a 2002, kwanaki kaɗan bayan nasarar Bradbury. Kim Dong-sung na Koriya ta Kudu ya fara tsallake layi a mita 1500, har ya ɗauki tutar ƙasarsa, sai aka sanar da cewa ya tare wa Ohno hanya, aka ba Ohno zinare. Koriya ta kai ƙara kotun sasanta rikicin wasanni, kotun ta ƙi taɓa hukuncin, bisa ƙa'idar da ta daɗe a kai cewa ba ta sauya abin da alƙali ya yanke a fili sai an tabbatar da cin hanci ko mugun nufi. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna cewa a gasar cin kofin duniya ta wannan shekarar, da Ahn Jung-hwan ya farke wa Koriya ƙwallo a wasansu da Amurka, ya yi murna ne ta hanyar kwaikwayon mai tseren ƙanƙara. Wannan fushin yake nunawa. Barazanar kisa da aka riƙa aika wa Ohno ta sa bai halarci gasar da aka yi a Koriya a 2003 ba.

Shekara ashirin bayan haka aka maimaita a Beijing. A mita 1000 an fitar da 'yan Koriya biyu, Hwang Dae-heon da Lee June-seo, a wasan kusa da na ƙarshe, sannan a wasan ƙarshe Shaolin Sándor Liu na Hangari ya fara tsallake layi amma aka hukunta shi, Ren Ziwei na Sin mai masaukin baƙi ya karɓi zinare. Masu kare alƙalan suna cewa idan ba a tsaurara ba, wasan zai koma kokawa da wuƙaƙe a ƙafa, kuma kowane hukunci yana da sashen dokar da ya dogara da shi. Masu suka suna cewa taɓawa iri ɗaya takan jawo hukunci yau, gobe a kau da kai, kuma idan hukunci ya yi ta faɗawa ɓangaren mai gida, zargi ba zai rasa wurin zama ba. A ganina masu sukar sun fi gaskiya a kan rashin daidaito, amma rashin daidaito daban, hujjar maguɗi daban. Hwang ɗin da aka fitar ya dawo bayan kwana biyu ya ci zinaren mita 1500 a filin, ta hanyar fita gaba da wuri ya kauce wa cunkoso don kada a samu abin dubawa a bidiyo.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana wannan ɗaci ita ce Elise Christie ta Birtaniya. A Sochi an soke sakamakonta a duk tsere ukun da ta shiga, ta kuma sha zagi da barazana a intanet. A 2017 ta zama zakarar duniya a Rotterdam. A PyeongChang a 2018 ta faɗi sau biyu, aka kuma fitar da ita a na uku. Ta yi ritaya a 2021 ba ta da lambar Olamfik ko ɗaya.

Tsallake zaɓen gida, da masu sauya ƙasa

Kowace ƙasa tana iya saka mutum uku ne kawai a kowane tseren ɗaiɗaiku a Olamfik. Ga ƙasa irin Koriya ta Kudu, wadda ta fi kowa tara lambobi a wannan wasa, hakan yana nufin wanda zai iya cin lamba a duniya yana iya zama a gida yana kallo a talabijin. Abin da ake nema kuma ya wuce suna, domin a can wanda ya ci lambar Olamfik yana samun fansho, namiji kuma ana sassauta masa aikin soja na tilas, kamar yadda aka yi wa Son Heung-min bayan ya ci zinaren wasannin Asiya a 2018.

Tarihin Ahn Hyun-soo, matashin nan da ya faɗi a gaban Bradbury yana ɗan shekara 16, ya nuna yadda tsarin ke aiki daga farko zuwa ƙarshe. Ya zama zakaran duniya sau biyar a jere, daga 2003 zuwa 2007. A Turin a 2006 ya ci zinare uku da tagulla ɗaya. A farkon 2008 ya fasa ƙoƙon gwiwarsa wurin atisaye, aka yi masa tiyata, ya kasa tsallake zaɓen gida na zuwa Vancouver a 2010. Ga rashin jituwa da ɓangaranci a hukumar wasan ta ƙasarsa, ga ƙungiyar birnin Seongnam da ke biyansa albashi an rushe ta. A 2011 ya karɓi takardar zama ɗan Rasha, ya koma Viktor Ahn. A Sochi a 2014 ya sake cin zinare uku da tagulla ɗaya, alhali mazan Koriya sun koma gida babu lamba ko ɗaya. A 2018, lokacin badaƙalar shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ta dabaibaye Rasha, kwamitin Olamfik na duniya bai gayyace shi PyeongChang ba, wato an hana shi tsere a ƙasar haihuwarsa, shi kuma ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman a faɗa masa dalili. Ya yi ritaya a 2020, a Beijing kuma aka gan shi cikin masu horar da tawagar Sin.

Ba shi kaɗai ba ne. Lim Hyo-jun, wanda ya ci wa Koriya zinare a 2018, yanzu Lin Xiaojun ne na Sin, haka nan Shaolin Liu da ƙaninsa Shaoang sun bar Hangari zuwa Sin bayan wasannin Beijing. Dokar Olamfik ta ce sai an shekara uku daga ranar da mutum ya wakilci tsohuwar ƙasarsa kafin ya wakilci sabuwa, sai dai idan ɓangarorin sun amince a rage. Ɗan Najeriya bai kamata ya yi mamaki ba, tun da mun ga Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a mita 100 a Athens a 2004, mun kuma ga Salwa Eid Naser ta zama zakarar duniya a mita 400 a 2019 da rigar Bahrain. Wasu na kiran haka cin amana. Amma ganiyar ɗan wasa gajera ce, Olamfik kuma sau ɗaya ake yi a shekara huɗu, wanda ya rasa guda saboda rauni ya kuma rasa na biyu saboda siyasar hukuma, ya rasa rabin aikinsa.

Rauni, kuɗi da tsawon rai a fili

Wang Meng ta Sin ta ci zinare uku a Vancouver, ta karye a idon sawu ana saura makonni a tafi Sochi, ba ta sake zuwa Olamfik ba. J.R. Celski na Amurka ya yanke cinyarsa da takalminsa a gasar zaɓen gida a watan Satumban 2009, bayan wata biyar ya ci tagulla a Vancouver. Saboda irin haka ne masana wasan suke ɗaukar tarihin Arianna Fontana ta Italiya da muhimmanci: ta ci lambarta ta farko a Turin tana da shekara 15, kuma zuwa ƙarshen wasannin Beijing ta tara lambobi 11 daga Olamfik biyar, ciki har da zinaren mita 500 sau biyu a jere. Wanda ya daɗe haka yana hawa mumbarin yabo ba za a jingina nasararsa ga faɗuwar wasu ba.

Kuɗin wasan ba su da yawa idan aka kwatanta da ƙwallon ƙafa. Yawancin 'yan wasa sun dogara ne da tallafin gwamnati ko albashin hukumar da ta ɗauke su, tallafin kuma yana bin sakamakon Olamfik. Bayan Birtaniya ta tashi babu lamba a wannan wasa a 2018, hukumar da ke raba kuɗin wasanni ta ƙasar ta janye tallafin da take ba wasan. Wannan dogaro yana ba masu horarwa iko mai yawa a kan yara, kuma an ga inda ya kai a Koriya, lokacin da Shim Suk-hee ta fito ta bayyana cin zarafin da kocinta ya yi mata, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 13.

Ina ruwan ɗan Jos ko ɗan Abuja?

Sanyin Jos a watan Disamba, duk da sunan da ya yi, ba ya daskarar da ruwa, filin ƙanƙara mai girman na gasa kuma yana buƙatar injinan sanyaya da wutar lantarki da ba ta yankewa. Saboda haka babu wanda zai yi wa matashi alƙawarin cewa zai koyi wannan wasa a gida. Najeriya ta fara zuwa Olamfik na hunturu ne a 2018, da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren keken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo, sannan Samuel Ikpefan ya wakilce ta a 2022, kuma dukansu a ƙasashen waje suka samu horo. Maame Biney, wadda aka haifa a Accra, ta koma Amurka tana ƙarama, ta zama baƙar fata mace ta farko da ta wakilci Amurka a tseren gajeren zagaye a Olamfik. Ƙasar Singafo mai zafi ta tura Cheyenne Goh a 2018, ita ma a Kanada ta taso.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne matasan da ke yawo da takalmi mai taya a titunan Abuja da Jos, waɗanda jama'a ke kallo a matsayin masu neman haɗari, musamman idan suka kama bayan mota. Ohno da Celski duka da takalmin taya suka fara. Erin Jackson ta Amurka ta taso tana tseren taya a Florida inda babu dusar ƙanƙara, ta samu gurbin zuwa Olamfik na 2018 bayan watanni kaɗan da komawa ƙanƙara gadan-gadan, ta kuma ci zinaren mita 500 na dogon zagaye a 2022. Durƙusawa, da tura ƙafa gefe, da ɗora ƙafa kan ƙafa a kwana duk ana koyon su a kan siminti mai laushi, abin da ake buƙata shi ne fili da aka keɓe daga motoci, da hular kwano, da mai horarwa, da gasa mai tsari. Kolombiya ta bi wannan hanya har ta zama ƙasar da ta fi kowa ƙarfi a tseren taya a duniya, kuma daga cikin 'yan tayarta ne Pedro Causil da Laura Gómez suka koma atisaye a ƙasashen da ke da filin ƙanƙara, suka wakilce ta a tseren dogon zagaye a PyeongChang.